Gonar Innarka Ba Ta Mutu Ba, Yunwa Take Ji

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Bacirawa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da abin da ido bai gani ba. Ka gaishe mini da kawunka Haruna da mai ɗakinsa. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da allo da tawada ne, bokon a bakin kasuwa na tsince shi.

Ka san duk garin nan babu wanda bakina ya ƙyale, har liman bai tsira ba. Amma kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, sai ya zama kai kaɗai ne ban taɓa zama na yi doguwar magana da kai ba. In ka shigo zaure in fita, in na shigo ka fita. Ranar da na raka ka bakin titi, duk abin da na tanada ya maƙale a wuya, na ƙare da cewa ka kula da takalminka a masallaci. To ga abin da ya maƙale.

Maganar gonar bayan gida ce, gonar innarka, Allah Ya jiƙanta. Na san Tasi'u dillali ya sha tare ka a hanya. Na san masu yanka fuloti sun iso gonakin da ke gabas da mu. Na kuma ji abin da ka gaya wa ƙanwarka Hadiza a tsakar gida. Ba laɓe na yi ba, dangar ce ta tsufa. Ka ce, "Gonar nan ta mutu, gara a sayar kowa ya kama sana'a." Gadonku ce, ta wajen innarku ta zo, ni nawa rabon tuni na bar muku. Rabonka ya fi na kowa, ƙannenka Hadiza da Ummi kuwa bakinka suke kallo. Ba ni da ikon hana ka. Abin da nake da shi labari ne, kuma mafi yawansa na wautata ne.

Ina saurayi, aikina da bazara shi ne kai taki gona a kan jaki. Malam, mai sunanka, yana da juji a bayan gida wanda ya kusa kamo ni tsawo. Gonarmu da nisa, can wajen hanyar Dawakin Tofa, hanyar kuwa ta gefen gonar Malam Sule take bi, kakanka na wajen uwa. Gonar nan dai da muke magana. Kusa da ita akwai rijiya, a bakin rijiyar akwai wata yarinya mai tsiwa wadda ba ta taɓa barin tsokanata ta faɗi ƙasa ba. Sai na yi dabara. In na iso kusurwar gonar, gindin ɗorawa, sai in juye mangala a nan, in baje da ƙafa, in watsa yashi a kai, in ɗaure jaki, in je neman ruwan sha.

Ta ce, "Kai kullum ƙishirwa?"

Na ce, "Jakin ne yake ji, kunya ta hana shi tambaya."

Ta ce, "To wanne ne jakin a cikinku? Don in san wanda zan miƙa wa ƙwarya."

Ba kowane sawu nake juyewa a nan ba, amma da yawa. Da ruwa ya zauna, geron kusurwar nan ya tashi baƙi ƙirin, kara kamar rake. Namu kuwa can ya tsaya rawaya, gajere, kamar mai jinya. Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci sai Malam ya kama hannuna har gindin ɗorawa, Malam Sule yana biye.

"Idi, takin wane ne wannan?"

Na ce, "Malam, ai albarka ce, inda Allah Ya so yake saukar da ita."

Ya ce, "Haka ne. Amma ban taɓa ganin albarkar da ta sauko da ɓawon gyaɗar gidana ba." Ya juya ya ce, "To Malam Sule, tunda yaro ya riga ya kawo kayan na-gani-ina-so a kan jaki, sai mu zo a yi magana."

Aka yi dariya, bayan kaka aka ɗaura aure da innarka. Amma a shekarar hatsinmu bai kai mu ko'ina ba. Da idona na ga Malam ya ja ragon da ya ware don layya zuwa kasuwa. Don haka ka riƙe wannan: abin da ka binne da rani, damina za ta tona. In kuma ka yi abin da ya ba mutane dariya, ka waiwaya ka ga ko wani ne yake biya a ɓoye. A wurin kawunka za a ba ka amanar abin da ba wanda zai ƙirga. Ka kai kowane sawu inda aka aike ka.

Da Malam Sule ya rasu, gonar ta faɗo wa innarka. Ita kuwa ba ta da abin alfahari kamar jujinta. Kai ka tashi ka gan shi, amma ba na jin ka taɓa tsayawa ka duba yadda take yi. Wurinta abinci ba ya zama shara sai mutum ya ƙi shi, akuya ta ƙi shi, kaza ta ƙi shi. Abin da ya rage shi ne rabon juji: ƙanzon da ya ƙone ƙurmus, ɓawon gyaɗa, ɓawon rogo da na dankali, ƙaiƙayi, jijiyar rama, sharar akurki, kashin awaki. Ta zuba, ta bi da toka, ta rufe da ƙasa, ta yayyafa ruwan wanke-wanken da babu sabulu. In ta ga leda a ciki, ranar gidan babu zaman lafiya. Lokaci-lokaci ta sa fartanya ta juya shi, turiri ya tashi kamar an buɗe tukunyar tuwo. Kafin bazara ya zama baƙi, laushi, ƙamshinsa irin na ƙasa in an yi ruwan farko.

Sai takin zamani ya yi araha. Na zuba shekara ɗaya na ga abin mamaki, ba jaki, ba mangala, ba ciwon baya. Na dawo gida na sa ta gaba.

"Hajiya mai juji, yaushe za a biya miki Makka da ƙaiƙayi?"

Ta ce, "Ci gaba da dariya. Kai shayi kake ba gonar nan, ni tuwo nake ba ta."

Na ce, "Ai mutanen birni da shayi suke karyawa, ga su nan sun fi mu ƙiba."

Ta ce, "Je ka tambaye su ko shi suke ci da dare."

Ban ji ba. Na sayar da jaki. Jujin da ta wahala a kai na bar masu lambun albasa suna zuwa suna ɗiba, ina tsaye ina yi musu ba'a, ina ce musu sarakunan bola. Ba ina cewa takin buhu mugun abu ba ne. Da na haɗa su biyun da yanzu wani zancen ake yi. Laifina shi ne na sa baƙo ya kori ɗan gida. Shekara tana bin shekara, sai na ga abin da mudu yake yi da, yanzu sai tiya. Daga nan farashin ya tashi ya bar hannun irinmu. Ranar da na shiga gonar ba buhu a kafaɗa, na damƙi ƙasa, sai ta zube ta tsakanin yatsuna kamar gishiri. A yi ruwa da safe, kafin azahar ta bushe. Wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero ta saiwa, ta cika ko'ina kamar an shuka ta. Kai yanzu ka shiga inda komai na sauri ne. Duk abin da ya zo maka da sauƙi, ka karɓa da hannu ɗaya, ɗayan ka riƙe abin da ka taso da shi. Kada kuma ka yi wa mai aikin wahala dariya, wataƙila shi ne ya san abin da ke tafe.

Daga nan shekarun nan masu wuya suka shigo. Kai ka san su, ba sai na ba ka labari ba, a cikinka suka kwana. Amma ga abin da ban lura da shi ba sai daga baya: yunwa juji take fara kamawa. Dusar da ake ba awaki, mu muka koma ci. Awakin muka sayar ɗaya bayan ɗaya. Ƙanzo kuwa innarka ta jiƙa muku shi, ba ta barin ko na gindin tukunya. Ƙaiƙayi da kara suka tafi murhu, don itace ya yi tsada. Gidan da ba a ragewa ba ya tara juji, gonar da ba juji ba ta cika rumbu, rumbun da bai cika ba ba ya bari a rage. Haka muka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

A bazarar ƙarshe ta innarka jujin ya dawo ɗan tudu, akuya ma sai ta tsallake shi. Na ɗauki kwando na kwashe na kai gona a ka. Da na ga bai isa ba, na sa fartanya na fara haƙar baƙar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Lokacin ciwon ya fara cinta. Ta fito tana dafa bango.

Ta ce, "Idi, ka bar uwar."

Na ce, "Wace uwa? Juji ma har da dangi?"

Ta ce, "Baƙar ƙasar nan. In ka kwashe ta, sabon ba zai kama ba. Ka taɓa ganin an kafa nono ba a ɗiga na jiya a ƙwarya ba?"

Na ce, "To in ya yi maraici sai mu kai shi gidan marayu."

Ba ta yi dariya ba. Tun daga bakin rijiya ba ta taɓa barin maganata ba amsa ba sai ranar. Ta dube ni, ta juya, ta koma ɗaki tana dafa bango. Ni kuwa na kwashe har sai da fartanya ta taɓa farin yashi. Ba ta ga kakar shekarar ba. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Ummi zaune a bakin ramin nan, wata mata tana shafa kanta tana cewa, "Allah sarki, marainiya." Da ana tsince magana daga ƙasa kamar yadda ake tsince tsaba, da na durƙusa na tsince tawa.

Kuma gaskiyarta. Duk abin da Hadiza ta zuba a ramin bayan haka, yadda ta zuba haka yake zama. Ɓawo ya shekara yana ɓawo. Ba zafi, ba turiri, sai ƙuda. Ka koyi gane lokacin da mutum ya daina wasa, ko da fuskarsa ba ta canza ba. Ni na iya sa mutane dariya, ban iya jin shirunsu ba. Kuma kome za ka ɗiba, kada ka kai ƙasa. Tukunya ce, aljihu ne, haƙurin kawunka ne, ka bar abin da gobe za ta kama.

Saura wauta ɗaya, ita ce wadda ka gani da idonka. Bara waccan aka yi biki a wani gidan masu hali a unguwar gabas, abinci ya kwana ya lalace, shinkafa da miya da mai, har dabba ta ƙi. Na ce kakata ta yanke saƙa. Na kwaso a baro, lokacin ana noman firi, na bi gindin shuka ina zubawa ɗanyensa. Na ce me zan jira, ai gona ma tukunya ce, ta dafa da kanta. Kafin kwana nawa kajin unguwa suka tone rabi, karnuka da ɓeraye suka tone sauran. Shukar da ta tsira ta ƙone daga gindi, ganye ya yi rawaya, gishiri da mai da zafin ruɓa sun gama da ita. Waccan daminar ce ka duba ka yanke wa gonar hukunci, ban kuma ga laifinka ba. Amma ba mutuwa ta yi ba. Mai jinya ne aka ɗura wa ɗanyen abinci. Abin da bai nuna ba, ko alheri ne, cuta yake yi. Haka magana, haka shawara. In Tasi'u ya ce maka yau ko gobe, ka san ɗanye yake miƙa maka.

Bayan wannan na sauke girman kai na je wurin Gwaggo Tabawa, tsohuwar nan ta bayan masallaci, don jujinta ya girme ni. Na yi sallama da kwando a hannu.

Ta ce, "Idi shaƙiyyi, neman aure ka zo? Na fi ƙarfinka."

Na ce, "Gwaggo, uwa na zo nema."

Ta ce, "Da furfura a gemu?" Sai ta ga kwandon. Ta ce, "Ka kwashe ta marigayiya Rabi, ko?" Na ce na kwashe. Ta ce, "Je ka ɗiba ta gefen inuwa. In ka sake kashe wannan, kada ka zo mini ko gaisuwar Sallah."

Na kawo na shimfiɗa a ramin, na bi yadda innarka take yi, abin da na tuna da abin da Hadiza ta tuna. Wata safiya na cusa hannu a ciki na ji ɗumi. Na tona na ga gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba, ta naɗe kamar mai barci. Wallahi na zauna a wurin na daɗe ban tashi ba. Abin da ya nuna ba yawa, 'yan kunyoyi kaɗan ya isa, na gefen danga. Bara kai kana dako a Dawanau, ka fita da sassafe ka dawo a gajiye, ba ka leƙa ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce geron ya kai na da ba. Amma da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, sauran gonar ta lanƙwashe, kunyoyin nan suna tsaye. In ka damƙi ƙasarsu tana dunƙulewa. Wuta-wuta ma ta ragu a wurin.

Matsalar ita ce gidan mutum uku masu lashe kwano ba zai ciyar da gona ba. Shi ya sa da kawunka ya ce zai ɗauke ka a rumfar abincinsa, na ji baƙin ciki da murna a lokaci ɗaya. Na taɓa zuwa rumfar. Na ga abin da suke juyewa a kwata kowace yamma: ɓawon doya da na dankali, ganyen kabeji, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ƙaiƙayin wake, ɓawon ƙwai, tokar murhu. Suna toshe kwata da abin da gonar innarka take kuka a kai.

Ga roƙona. 'Ya'yan mutane suna aiko wa iyayensu shadda, ni shara nake so. Ka nemi izinin kawunka tukuna. Abin da mai yunwa zai iya ci, ba nawa ba ne, ka ba shi. Abin da mai akuya ya saba zuwa ɗauka, kada ka tare masa. Sauran ka tsince leda da kwalba da batir, ka bar miya da mai, ka shanya a rana ya sha iska don kada ya yi wari a mota, ka ɗura a buhu. Ɗan'azumi mai a-kori-kura yana kai hatsi Dawanau ya dawo wayam, na yi magana da shi, ya ce zai biyo ta wurinka. Sai da ya gama dariya tukuna. Ya ce, "Idi, wannan ma tsokana ce?" Na ce masa wannan karon a'a. Kai ma za a yi maka dariya, samarin tasha za su sa maka suna. Ka bar su. Ni na yi shekaru ina cikin masu dariyar, na san abin da ke cikinta, ba komai.

Ban da wannan, ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abin da aka ba ka, kada ka sa ido a tukunyar ciniki. Matar kawunka uwa ce, in ta yi faɗa ka sunkuyar da kai. In ka ji kewa kada ka bi 'yan zaman banza don a rage dare, ka ɗauki Alƙur'aninka.

Damina uku nake roƙo, ba don na san za su isa ba, sai don ƙasa ba ta warkewa a damina ɗaya. In sun wuce ka zo ka damƙi ƙasar da hannunka, in ta zube, ni da kaina zan kira Tasi'u. Na san kana da hujja. Hadiza ta isa aure, ba mu da abin kai ta ɗaki. Kai ma kana son jarin kanka, ba ka son ka tsufa kana wanke kwanon wani. Duk na sani. Amma fuloti sau ɗaya ake cinsa. Ba ni da wani abin da zan ɗora a kan wannan.

In ka duba ka ga sayarwar ce ta fi, ban yi fushi ba, ba kuma zan bari wani ya zage ka a gabana ba. Abu ɗaya kawai: ka aiko mini kafin ruwan shuka ya sauka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jujin ya nuna, irin yana rataye a ɗaki. Ba na so in shuka abin da katafila za ta girbe.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da abin kunya. Allah Ya sa ka fi ubanka hankali, wannan ba zai yi maka wuya ba. Allah Ya jiƙan innarka, Ya sanyaya makwancinta, Ya dawo mana da kai lafiya. Hadiza da Ummi suna gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi